Harin NotPetya na 2017 da Darasin Kamfanin Maersk a Kan Al'adar Tsaron Kwamfuta

Gabatarwa

A ranar Talata, 27 ga watan Yuni na shekarar 2017, kwamfutocin kamfanin jiragen ruwa na Maersk suka mutu ɗaya bayan ɗaya a ofisoshinsa da ke sassa daban-daban na duniya. A lokacin babu kamfanin da ya kai shi jigilar kwantena a teku, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan sufuri a hannunsa yake. Kafin yammacin ranar, kamfanin ya kasa karɓar odar kaya, ya kasa sanin abin da ke cikin kwantenonin da jiragensa suka ɗauko, har wayoyin ofis sun daina aiki. Muguwar manhajar da ta yi wannan ɓarna ita ce aka sa wa suna NotPetya.

Masu nazarin tsaron kwamfuta suna yawan komawa ga wannan tarihi saboda dalili guda. Maersk yana da kuɗi, yana da ƙwararru, kuma ƙwararrun sun riga sun faɗi inda rauni yake tun kafin harin. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗabi'ar ɗaukar gargaɗin da muhimmanci, wato abin da ake kira al'adar tsaro.

Ma'anar al'adar tsaro da asalinta

Wannan lafazi ya girmi intanet irin wadda ake amfani da ita a yau. Ya shahara ne bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl a shekarar 1986, lokacin da kwamitin ƙwararru na Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ya yi amfani da shi wajen bayanin musabbabin haɗarin. Ƙwararrun sun lura cewa na'ura da doka ba sa isa su kare ma'aikata idan halayen mutanen cikinta sun saɓa wa dokar. Daga nan lafazin ya shiga harkar jiragen sama, da haƙar mai, da asibitoci, kafin ya iso fagen kwamfuta.

A taƙaice, al'adar tsaro ita ce abin da mutanen ma'aikata suke yi a kullum ba tare da an tsaya a kansu ba: abin da shugabanni suke tambaya a taro, abin da ake ba wa lada a kansa, abin da ake yarda a ɗage zuwa baɗi, da kuma yadda ake karɓar ƙaramin ma'aikaci idan ya zo da labari maras daɗi.

Maersk ba baƙo ba ne ga irin wannan tunani. An kafa shi a garin Svendborg na ƙasar Danmak a shekarar 1904, a hannun A.P. Møller da mahaifinsa, wanda matuƙin jirgin ruwa ne. A wata wasiƙa da A.P. Møller ya rubuta wa ɗansa a 1946, ya yi masa wasiyya da kada a bari wata asara ta same su muddin kulawa a kan lokaci za ta iya hana ta. Wannan wasiyya ta zama taken kamfanin har yau. A cikin jirgi da bakin tasha an daɗe ana aiki da ita. A ɗakin kwamfuta kuwa, shekarar 2017 ta nuna cewa ba ta kai can da ƙarfinta ba.

Tushen harin

Ba Maersk aka nufa da NotPetya ba. Ƙasar Yukren aka nufa. Tun daga 2014, lokacin da Rasha ta mamaye yankin Kirimiya, Yukren ta sha hare-haren kutse a jere. A watan Disamba na 2015 masu kutse suka katse wa mutane sama da 200,000 wutar lantarki a yammacin ƙasar, kuma a Disamba na 2016 aka sake yin irin haka a wani ɓangare na birnin Kiyef.

A 2017 maharan suka bi wata hanya dabam. Akwai manhajar lissafi da biyan haraji mai suna M.E.Doc, wadda wani ƙaramin kamfani a Kiyef yake yi, kuma kamfanoni masu ɗimbin yawa da ke kasuwanci a Yukren suna amfani da ita. Maharan suka kutsa cikin kwamfutocin da ke aika wa masu manhajar sabuntawa, suka cusa tasu ƙofar sirri a ciki. Kamfanin tsaro na ESET ya gano daga baya cewa sabuntawa uku da aka aika tsakanin Afrilu da Yuni na 2017 suna ɗauke da wannan ƙofa. Duk wanda ya sabunta manhajarsa, kamar yadda ake koya wa kowa ya riƙa yi, ya buɗe wa ɓarawo gida da hannunsa. An saki harin a jajiberin Ranar Tsarin Mulki ta Yukren, wadda ake hutunta a 28 ga Yuni.

NotPetya ta haɗa makamai biyu. Na farko shi ne EternalBlue, wata dabarar shiga kwamfuta mai amfani da Windows ta wata ɓaraka da ke cikinta. An danganta ƙirƙirarta ga Hukumar Tsaron Ƙasa ta Amurka, kuma wata ƙungiya mai kiran kanta Shadow Brokers ta watsa ta a intanet a watan Afrilu na 2017. Kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da facin da ke toshe ɓarakar tun watan Maris. Na biyu shi ne dabarar Mimikatz, wadda wani Bafaranshe mai bincike, Benjamin Delpy, ya fitar a 2011 don nuna cewa ana iya zaƙulo kalmomin sirri daga ƙwaƙwalwar kwamfuta. Haɗuwar biyun ita ce ta sa harin ya yi muni. Manhajar takan shiga kwamfutar da ba a yi wa faci ba, ta kwashi kalmomin sirrin da ta tarar a ciki, sannan ta yi amfani da su ta shiga kwamfutocin da aka yi wa facin. Kwamfuta guda da aka yi sakaci da ita ta isa ta jawo wa dubbai halaka.

A fuskar allo, NotPetya takan nuna saƙon neman kuɗin fansa, dala 300 a kuɗin Bitcoin, kamar wata tsohuwar manhajar fansa mai suna Petya, wadda daga gare ta aka samo sunan. Amma saƙon yaudara ne. An gina manhajar ta yadda ko an biya ba za a iya dawo da abin da ta lalata ba, kuma adireshin imel ɗin da aka bayar, kamfanin Jamus mai shi ya rufe shi a ranar.

Gargaɗi ya riga ya zo makonni shida kafin nan. A 12 ga Mayu 2017, manhajar WannaCry ta yi amfani da EternalBlue ɗin nan ta bazu a ƙasashe kusan 150, har ta tilasta wa asibitocin gwamnati a Ingila soke dubban alƙawuran ganin likita. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kamfanoni da yawa ba su gama shafawa ba NotPetya ta iso.

Ranar da allo ya yi baƙi

Bisa binciken ɗan jarida Andy Greenberg, wanda mujallar Wired ta buga a 2018, cutar ta shiga Maersk ne ta kwamfuta guda a ofishinsa na Odesa, tashar ruwa ta Yukren a bakin Baƙin Teku, inda aka saka M.E.Doc don aikin lissafi. Daga nan ta bi hanyar sadarwar kamfanin, wadda ta haɗa ofisoshi 574 a ƙasashe 130. A hedikwatar da ke Kopenhagen ma'aikata suka riƙa gudu daga ofis zuwa ofis suna zare wayoyi daga bango. An ɗauki sama da sa'o'i biyu kafin a kashe hanyar sadarwar baki ɗaya, kuma kafin nan aikin gama ya gama.

Jiragen da ke teku ba su lalace ba, sun ci gaba da tafiya. Matsalar tana bakin tasha. A shekarar 2017, reshen kamfanin mai suna APM Terminals yana gudanar da tashoshi 76 a duniya, kuma 17 daga ciki suka tsaya, har da na Rotterdam a Holan, da Mumbai a Indiya, da Los Angeles da Elizabeth a Amurka. Tashar kwantena ta zamani da bayanai take aiki. Kwamfuta ce ke karanta lambar motar da ta zo ƙofa, ita ke faɗin kwantenar da za a sauke da inda za a ajiye ta, ita ke sanin wadda ke ɗauke da nama mai buƙatar sanyi da wadda ke ɗauke da sinadari mai haɗari. Da bayanan suka ɓace, ƙofofi suka ƙi buɗuwa, manyan motoci suka yi layi mai nisan gaske a Elizabeth, 'yan sanda suka riƙa sallamar direbobi. Shugaban hukumar gudanarwar kamfanin na wancan lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya kwatanta girman lamarin da cewa a kowane minti 15 jirgin Maersk guda yana shiga wata tasha a duniya ɗauke da kwantena 10,000 zuwa 20,000.

Ma'aikata suka koma ga abin da ke hannunsu. Aka riƙa karɓar oda ta WhatsApp da akwatunan Gmail na ƙashin kai, aka riƙa rubuta bayani a takarda ana liƙawa a jikin kwantena.

Kwafi guda da ya tsira a Afirka ta Yamma

An kafa cibiyar farfaɗowa a garin Maidenhead kusa da Landan, inda ɗaruruwan ma'aikatan Maersk da na kamfanin Deloitte suka yi aiki dare da rana. Sun tarar da ajiyayyun kwafin mafi yawan bayanai, sai dai abu guda da babu kwafinsa. Kowace babbar ma'aikata tana da wasu kwamfutoci masu riƙe da rajistar hanyar sadarwa, wato kundin da ke faɗin wane ne wane, da abin da aka yarda kowa ya buɗe. In babu wannan rajista, sauran bayanan tamkar ɗakuna ne da aka kulle aka jefar da makullan. Maersk yana da irin waɗannan kwamfutoci kusan 150, kowace tana kwafar 'yar'uwarta, kuma an ɗauka hakan ya wadatar a matsayin ajiya. Tsarin ya tanadi mutuwar ɗaya ko goma. Bai tanadi mutuwarsu duka a lokaci guda ba.

Aka shiga kiran ofisoshi ɗaya bayan ɗaya, har aka dace da kwamfuta guda da ta tsira a Afirka ta Yamma. Abin da ya tsirar da ita shi ne ɗaukewar wutar lantarki, wadda ta raba ta da hanyar sadarwa a daidai lokacin da cutar take yawo. A riwayar Greenberg, kwamfutar tana ofishin Gana ne. Layin intanet ɗin ofishin ba zai iya aika ɗaruruwan gigabait cikin lokaci ba, ma'aikatan kuma ba su da bizar Birtaniya, saboda haka ɗayansu ya ɗauki faifan ya tashi zuwa Najeriya, ya miƙa wa wani abokin aiki a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Landan. Wasu manyan jami'an fasaha na kamfanin, a jawabansu na 2019, sun ce a Legas wutar ta ɗauke kuma a can kwafin yake. Riwayoyin biyu sun haɗu a kan jigon labarin: kamfanin da ke ɗauke da kaso mai tsoka na cinikin duniya ya tsira ne da matsalar wutar da mazauna Akkara da Legas suke kuka da ita kullum.

Wannan yanki yana da ruwa da tsaki a lamarin ta wata fuskar ma. APM Terminals ne ke gudanar da babbar tashar kwantena ta Apapa a Legas, kuma yana da hannun jari a tashar Tema ta Gana. Ta irin waɗannan tashoshi ne kaya masu yawa suke bi kafin su isa kasuwannin Kano, da na ƙasashen da ba su da teku irin su Nijar da Burkina Faso.

Asara da ɗora alhaki

A taron tattalin arziki na Davos a watan Janairu na 2018, Snabe ya bayyana cewa cikin kwana 10 aka sake girka manyan kwamfutocin ajiya 4,000, da kwamfutocin ma'aikata 45,000, da manhajoji 2,500, aikin da a ƙa'ida zai ci kusan wata shida. Ya ce yawan kayan da aka yi jigila ya ragu da kashi 20 cikin 100 ne kawai a lokacin, domin mutane sun ɗauki sauran da hannu. Asarar kamfanin ta kai tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Ya kuma amsa a bainar jama'a cewa a fagen tsaron kwamfuta Maersk matsakaici ne kawai, kamar sauran kamfanoni.

Wasu sun fi shi jin jiki. Kamfanin magunguna na Merck ya ba da rahoton asarar kusan dala miliyan 870, reshen FedEx mai suna TNT Express kusan miliyan 400, kamfanin Saint-Gobain na Faransa da Mondelez mai yin biskit da cakulan su ma suka yi asarar miliyoyi masu yawa. Wani ƙiyasi na fadar shugaban Amurka ya kai jimillar ɓarnar dala biliyan 10. A watan Fabrairu na 2018 Birtaniya da Amurka suka ɗora alhakin harin a kan sojojin Rasha, kuma a Oktoba na 2020 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta tuhumi jami'ai shida na hukumar leƙen asirin sojan Rasha, daga rukunin da masu bincike ke kira Sandworm. Rasha ta musanta.

Inda al'ada ta yi rauni

Hari daga sojojin wata ƙasa abu ne da zai girgiza kowace ma'aikata. Duk da haka, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ke Maersk sananniya ce ga mutanen cikinsa. Binciken Greenberg ya ruwaito cewa tun 2016 wasu jami'an fasaha suka nuna damuwa a kan jinkirin saka faci, da tsofaffin manhajoji har da Windows 2000 wadda Microsoft ya daina kula da ita tun 2010, da kuma rashin shinge tsakanin sassan hanyar sadarwa, wanda zai bar cuta ta tsallaka daga ofis guda zuwa duniya. Suka gabatar da shirin gyara. An amince da shi, an ware masa kuɗi. Sai dai ba a sanya shi cikin ma'aunin da ake duba aikin manyan shugabannin sashen da shi ba, kuma ba ya ƙara musu komai a ladan ƙarshen shekara. Shirin ya tsaya a takarda.

Nan ne zuciyar darasin take. Ma'aikaci yakan gane abin da ma'aikatarsa ta damu da shi ta hanyar duba abin da ake aunawa da abin da ake sakawa a kansa. Takardar manufa da lacca sau ɗaya a shekara ba sa gogayya da wannan. Aikin tsaro kuma yana da wata tawaya ta asali: idan ya yi nasara, babu abin da ke faruwa, don haka babu abin nunawa. Saka faci yana buƙatar tsayar da aiki na ɗan lokaci, gina shinge yana rage sauri, rage wa mutane iko yana jawo ƙorafi. Shugaban da ake auna shi da sauri da rage kashe kuɗi zai ɗage waɗannan, kuma a bisa ma'aunin da aka ba shi, daidai ya yi.

Gavin Ashton, wanda ya jagoranci sashen kula da shaidar masu shiga hanyar sadarwar Maersk a lokacin, ya rubuta nasa bayanin a 2020. Ya nuna cewa an saba barin asusu masu babban iko suna aiki a kan kwamfutoci da yawa, maimakon a ba kowa iko gwargwadon aikinsa. Irin wannan sabo yana sauƙaƙa aikin yau da kullum, kuma shi ne ainihin abincin manhajar da ke satar kalmomin sirri.

Inda al'ada ta yi ƙarfi

Tarihin yana da ɗaya fuskar. Abin da ya hana kamfanin durƙushewa shi ma al'ada ce. Ma'aikatan tasha da na ofis sun san aikinsu sosai har suka iya gudanar da shi da takarda da waya. An bar mutanen da ke wurin su yanke shawara ba tare da jiran izini daga sama ba. Kamfanin ya sanar da duniya halin da yake ciki tun ranar farko, ya ci gaba da ba abokan ciniki labari, kuma daga baya shugabanninsa suka tsaya a taruka suna bayyana kurakuransu. Kamfanoni da yawa sukan ɓoye irin wannan, abin da ke hana na gaba koyo.

Bayan harin, buƙatun tsaro da suka daɗe suna jira suka samu amincewa nan take. An shimfiɗa tsarin tabbatar da mai shiga ta hanya fiye da ɗaya a duk kamfanin, an koma Windows 10, an ƙara yawan ma'aikatan tsaro. Harkar jiragen ruwa baki ɗaya ita ma ta motsa. A cikin watan Yunin 2017 ɗin, kwanaki kaɗan kafin harin, Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya ta zartar da ƙudurin da ya nemi a shigar da haɗarin kutse cikin tsarin kiyaye lafiyar jirgi daga shekarar 2021. Ma'anarsa ita ce a ɗauki tsaron kwamfuta kamar yadda aka ɗauki gobara da nutsewa, abin da ake atisaye a kansa kuma ake bincika.

Kammalawa

Abubuwa huɗu ne mai nazari zai riƙe daga wannan tarihi. Na ɗaya, ma'aikata tana iya faɗawa cikin yaƙin da ba nata ba ta hanyar ƙaramar manhajar da ta saya daga wani, don haka amincin abokin hulɗa ɓangare ne na tsaronta. Na biyu, ajiyar da ke haɗe da hanyar sadarwa tana mutuwa tare da ita. Dole a samu kwafin da aka ware gefe, a kuma riƙa gwada dawo da shi. Na uku, gargaɗin ƙwararru ba ya zama aiki sai an ɗaura shi a wuyan wani shugaba da sunansa, an kuma auna shi da shi. Na huɗu, sanin yadda ake aiki idan na'ura ta mutu dukiya ce da ake tarawa tun kafin ranar buƙata.

Al'adar da tsoro ya haifar kuma tana iya dusashewa idan tsoron ya wuce. A farkon 2020, ƙasa da shekara uku bayan harin, kafofin labaran fasaha a Birtaniya suka ruwaito cewa Maersk yana shirin rage ma'aikata a cibiyar Maidenhead, inda aka yi aikin ceton, tare da mayar da wasu ayyukan Indiya. Ashton shi ma ya yi magana a kan gajiyar da ta kama waɗanda suka ɗauki nauyin farfaɗowar. Ilimin da aka saya da dala miliyan 300 yana zaune ne a kawunan waɗannan mutane, kuma tambayar da ke gaban kowace ma'aikata bayan ta tsallake irin wannan rana ita ce yadda za ta riƙe shi idan su sun tafi.